Man Da Na Shafa A Matakin Birki

Edita, ina yi maka sallama, kai da duk mai karanta wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, kuma na riga na cuce su sau ɗaya, ba zan ƙara da tallata su ba. Lokacin da abin ya faru ina ɗan shekara ashirin da shida, ina da wurin wankin mota a bakin titi a Dutsin-Ma, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiyar bedi. Tankin ruwa ɗaya gare ni, da bokitai, da ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ban cika rashin kunya ba, ba na sata, ba na ha'inci a wanki. Cutata ɗaya ce, ina son a ce na iya. In aka yabi wani a gabana sai in ji kamar an rage mini wani abu. Wankin mota kuwa sana'a ce da ba a yabon mai yin ta, sai dai a nuna masa inda ya bari.

Wannan son yabo shi ya kai ni ga injin goge fenti. A waya na fara ganinsa. Za ka ga an kawo mota duk ta koɗe, jikinta ya yi zane-zane, sai mutum ya ɗiga wani mai a kan soso mai zagaye, ya kunna inji, kafin wani lokaci motar ta koma kamar yau aka sauke ta daga jirgi. Na ce ai wannan shi ne aikin, ba zuba ruwa da kumfa ba. Na tafi Katsina na sayo inji na hannu, da soso biyu, ɗaya mai gashi kamar bayan tunkiya ɗaya mai laushi, da man goge fenti, da wata kwalbar man ƙyalli da ake fesa wa taya da robobin cikin mota. Ban je wurin kowa koyo ba. Malamina bidiyo ne, Turancinsa kuma rabi nake ji, sauran in cike da kaina. Ko shi ɗin ma ba na kallonsa duka. Inda ake nuna inji nake tsayawa, da zarar an zo maganar cikin mota sai in wuce, ina cewa wa zai koya mini goge kujera, ni da na shekara biyar ina yi. Na gwada a kan motocin haya biyu farare, suka yi kyau, direbobi suka fara ce mini injiniya. Daga nan hulata ta daina shiga kaina.

Cikin masu kawo mini wanki akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba direba. Motar wani Alhaji mai fataucin hatsi a Kurfi yake ja, tun mahaifin Alhajin yana raye yake gidan. Siriri ne, farin gemu, ba ya ɗaga murya. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne, kuma duk tashar Dutsin-Ma da ta Kurfi an san shi da shi: tun da ya fara tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba. Yana da ɗabi'ar tsofaffin direbobi, ba ya tuƙi da takalmi. In zai shiga mota sai ya cire silifas ya tura su ƙarƙashin kujera, yana cewa da tafin ƙafa ake jin maganar mota. Sannan ba ya barin mota a wurin wanki ya tafi. Zai zauna a benci da 'yar rediyonsa yana kallon hannunka har ka gama, in ka bar ɗigon ruwa a madubi ya nuna maka da haɓa. Muna tsokanarsa muna cewa ya fi kishin motar a kan mai ita, shi kuma ya yi murmushi ya ce yara ba ku san amana ba.

Ranar da abin ya faru cikin bazara ne, irin ranar da ko kadangare ba ya hawa bango. Baba ya zo da hantsi da baƙar motar Alhaji, ya ce ya ji labarin sabon injina a tasha, Alhaji kuma zai yi baƙi daga nesa, yana so motar ta fito. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ce an yi masa rasuwa a cikin gari, dole ya je gaisuwa, ya zaro makulli ya sa mini a hannu ya riƙe hannun nawa na ɗan lokaci. Ya ce bai taɓa barin makullin nan wurin kowa ba, amma ni ya daɗe yana kallon aikina. Na ji daɗin maganar har cikin raina. Da ina da hankali da tsoro ya kamata in ji.

Yanzu na san kurakuran da na jera a ranar, a lokacin kuwa ban san ko ɗaya ba. Inuwar bedi ba ta rufe motar duka ba, gabanta yana cikin rana, ƙarfen ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu. Ba a goge fenti a kan ƙarfe mai zafi. Na ɗauki soso mai gashi, wanda ya fi ci, na murɗa injin zuwa ƙarshen gudunsa don in gama kafin Baba ya dawo. Ƙofofi sun yi kyau, har ina ganin haƙorana a jiki. Da na zo gefen gaba na dama, saman taya, inda ƙarfen ya lanƙwasa ya yi kaifi, na ga wani ɗan zane ya ƙi fita. Maimakon in ci gaba da yawo da injin, sai na tsaya a wuri ɗaya na danna. Ban fi ƙirga biyar ba na ji wari kamar roba ta ƙone. Da na ɗaga, baƙin fentin ya tafi, wani tabo mai ruwan toka ya fito kamar girman babban yatsa. A fentin gefen ƙarfe babu kauri, kuma abin da inji ya cinye ba ya dawowa. Na tsaya da injin a hannu yana ta juyawa, gumi yana shiga mini ido, ban ma tuna in kashe shi ba.

A nan ne ya kamata in zauna in jira dattijon in ce masa ga abin da na yi. Tabo ne kawai. Mai fenti zai rufe shi a yini ɗaya. Amma sai na tuna injiniyan da ake kira na, na tuna yadda labari ke yawo a tasha kafin a gama shan shayi. Na tsallaka titi wurin mai gyaran takalmi na karɓo baƙin man takalmi, na cusa a tabon, na goge. In ba ka sunkuya ba ba za ka gani ba. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, don na san idon Baba. Sai dabara ta zo mini, in sa cikin motar ya yi ƙyallin da zai ɗauke masa hankali daga waje. Na ɗauko kwalbar man ƙyalli na shiga fesawa ba ji ba gani. Na fesa a gaban mota, na fesa a ƙofofi, na shafe sitiyari, na shafe tabarmar roba ta ƙasa. Da na sunkuya na ga robar matakin birki da ta totur sun yi fari-fari don tsufa, suna ɓata mini aiki, sai na feshe su su ma, na mulke da tsumma har suka yi baƙi wuluk suna sheƙi. Wallahi a wannan lokacin ban san illar hakan ba. Garin gyaran gira nake neman tsone ido, ina kuma ganin gwaninta nake yi.

Baba ya dawo bayan azahar. Ya tsaya daga nesa yana kallon motar yana ta masha Allah. Ni kuwa na je na jingina daidai inda tabon yake ina ta zuba masa surutu. Da ya buɗe ƙofa ƙamshi ya buge shi, ya leƙa ya ga ko'ina yana walƙiya, sai ya ja da baya ya dubi ƙafafunsa da suka kwaso ƙasa a hanya. Ya ce in ba shi buta. Ya zauna a bakin kujera, ya cire silifas, ya wanke ƙafafunsa tas, ya ce ba zai ɓata mini wannan aiki da ƙazantarsa ba. Haka ya ɗora jiƙaƙƙen tafin ƙafarsa a kan robar da na shafe. Ya ce zai tsaya a gari ya sayi kifin madatsar ruwan Zobe na gidan Alhaji, ya yi la'asar, sannan ya kama hanyar Kurfi. Ya sa mini albarka ya ja motar a hankali, kamar yadda ya saba.

Da ya ɓace na zauna a benci na ɗauko waya, ina neman yadda ake gyara fentin da inji ya ƙona, ko in ya dawo wani satin in san abin yi. Bidiyon da na saba kallo ya buɗe, ban wuce da shi ba wannan karon don hankalina ba ya jikina, har ya kai wurin da kullum nake tsallakewa. Mutumin yana riƙe da kwalba irin tawa. Ya nuna sitiyari, ya nuna matakin birki, ya girgiza kai, ya gicciye hannuwansa. Sannan ya ɗora ƙafa a kan matakin ya nuna yadda take sulluɓewa. Ba sai na ji Turanci ba. Na dubi kwalbar tawa a kan tanki, saura kaɗan ta ƙare.

Masu karatu, ga inda laifina na gaskiya ya fara, don abin da ya wuce jahilci ne, wanda ke tafe kuwa da sanina na yi shi. Ina da lambar Baba. Ba a kira la'asar ba tukuna, na san yana cikin gari. Na kira shi, ya kuma ɗauka. Ina jin hayaniyar masu kifi a bayansa. Ya ce, "Ɗana, lahiya? Ko na manta wani abu wurinka?" Maganar tana bakina, kalma nawa ce, Baba a goge birki da fetur kafin a tafi. Amma a cikin wannan ɗan numfashin na hango shi ya juyo da motar, na hango shi ya gane cewa ban san aikina ba, ya fara zagaya ta a sunkuye yana duba sauran abin da na ɓata, ya kai hannu gefen dama ya ɗago yatsa da baƙin man takalmi. Sai na ji bakina yana cewa babu komai, na kira ne in ce Allah ya kiyaye hanya. Ya yi dariya ya ce amin, ya ce ina da kirki.

Bayan na kashe wayar na zauna ina yi wa kaina huɗuba. Na ce man zai bushe da wannan zafi. Na ce mutumin da ya shekara arba'in yana tuƙi ba ɗan santsi ne zai kayar da shi ba. Na ce hanyar Kurfi ba nisa gare ta ba, kuma Baba ba ya gudu. Aka kira salla na yi, ban san abin da na karanta ba. Wata mota ta zo wanki na zuba mata ruwa ina kallon titi. Duk motar da ta fito daga wajen Kurfi sai na bi fuskar direbanta da ido, ko zan ga alamar ya ga wani abu a hanya. Har rana ta faɗi ban ji komai ba, na tattara kayana ina cewa ka gani, tsoron banza ne.

Da safe a wurin mai shayi na ji. Ranar kasuwar Kurfi ce ashe, mutane suna watsewa da yamma. Baba yana shiga garin Kurfi wani manomin rani daga wajen Zobe ya fito daga kwana a kan babur, da buhunan da ya sayar da albasa ɗaure a baya. Waɗanda suka gani sun ce akwai tazara, ko ɗan koyo zai iya tsayawa. Baba ya kai ƙafa da ƙarfi, ƙafar ta zame daga birki ta faɗa gefe, kafin ya sake ɗagowa ya riga ya kwashi mutumin. Bai mutu ba, amma ƙafarsa ta karye a wuri biyu. Direbobi suna ta salati suna cewa Baba direba kuwa, lallai tsufa ba ya sallama. Ni ina riƙe da kofi, na kasa kai shi baki.

Kwana biyu bayan haka aka jawo motar zuwa wurin wani mai gyaran jikin mota a Dutsin-Ma. Na je kamar mai jaje. Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa jin kunyar wani abu kamarsa ba. Gefen gaba na dama ne ya bugi babur ɗin, ƙarfen ya lotse ya yage, tabon da na ƙona ya tafi cikin ɓarnar. Abu na farko da na ji a zuciyata da na ga haka sauƙi ne. Mutum yana kwance a asibiti da karyayyar ƙafa, ni ina jin daɗin asirina ya rufu. Da mai gyaran ya shiga ciki neman guduma, na buɗe ƙofar direba na taɓa matakin birki da yatsa. Santsi kamar an shafa man shanu. Silifas ɗin Baba suna nan ƙarƙashin kujera, ashe babu takalmi ya bi mutumin asibiti. Na zaro tsumma daga aljihu, na tsoma a gwangwanin fetur da ke gefe, na goge matakan biyu har suka koma fari-fari kamar da. Abin da na kasa gaya masa ya yi a waya, shi na yi da hannuna bayan ya daina amfani, ba don kowa ba sai don kaina.

Makaniki ya duba birki ya ce lafiyarsa lau. Saboda haka laifi ya koma kan mutum ɗaya. Alhaji mutumin kirki ne, ya ɗauki jinyar manomin, aka sasanta, bai kuma ci mutuncin Baba ba. Amma 'ya'yansa suka ce ba za a sake sa ran mahaifinsu a hannun tsoho ba. Aka ce Baba ya huta, za a riƙa kai masa hatsi gida. Da an yi gardama ma da ya fi, amma Baba da bakinsa ya ba da shaida a kan kansa. Ya ce ya taka, ƙafar ce ta ƙi. Ya ce tun a gari ya ɗan ji santsi, ya ɗauka ruwan da ya wanke ƙafa ne da gumi, bai kawo komai a ransa ba. Mutumin da bai saba ƙarya ba, bai kuma saba zargin kowa ba, sai ya yarda cewa jikinsa ne ya ci amanarsa.

Daga nan na riƙa kallon dattijon yana narkewa a gabana. Ya fara zuwa asibiti a Dutsin-Ma a duba masa ƙafa, aka ce ba a ga komai ba, bai yarda ba. Ya koma wurin masu maganin gargajiya, aka yi masa tsaga, aka ba shi na shafawa. Ya fara riƙe sanda alhali yana iya tafiya. In zai tsallaka titi sai ya tsaya ya daɗe, shi da ya san titi kamar tafin hannunsa. Duk Juma'a sai ya shiga motar haya ya je ƙauyen manomin ya zauna a gabansa yana neman gafara, domin ƙafar ta warke a karkace, noman rani ya gagare shi. Abin da ya fi ci mini rai, in ya zo gari wurina yake yada zango. Ya zauna a bencin nan da rediyonsa yana kallona ina aiki, yana gaya wa duk mai motar da ya tsaya cewa wannan yaro hannunsa na da albarka. Kasuwata ta buɗe a dalilinsa. Na je na koyi aikin da kyau wurin wani mai fenti, na san a inuwa ake yi, na san a kan tsohuwar ƙofar mota ake fara gwaji, na daina kusantar birki da kwalbar nan. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In wani ya ambaci Kurfi sai gabana ya faɗi, in Baba ya yi shiru yana kallona sai in ce yau ya gane.

Wata rana da yamma babu kowa sai ni da shi, ya rage muryar rediyo ya ce akwai abin da ke damunsa. Na ce shi ke nan, ta ƙare. Sai ya ce, "Ranar nan ka sha wahala bisa motar nan, ka maishe ta sabuwa, ko gida ban kai ta ba na lalata maka aiki. Ka yahe mani, ɗana." Na rantse da Allah ƙasa na so ta tsage in shige. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa in faɗi gaskiya. Na buɗe baki na ce haba Baba, ai tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na raka shi ya shiga mota, na dawo bayan tanki na yi kuka kamar ƙaramin yaro, amma kukan bai kai ni Kurfi ba.

Sai da aka kusa shekara biyu. Na ga Baba ya yi sati uku bai zo ba, na tambaya a tasha aka ce ya faɗi a masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne. Ban isa in ce ni na jawo ba, wannan sanin Allah ne, amma na san irin kayan da na ɗora masa ya kwana da shi ya tashi da shi. A ranar na rufe wurin wanki na hau motar Kurfi. Duk tsawon hanya ina tsoron abu biyu, kada in tarar ya rasu, kada kuma in tarar yana da rai in sake kasa magana.

Na same shi kwance a kan katifa a ɗakin zaure, an jingina shi da matashi. Bakinsa ya ɗan karkace amma ana jin maganarsa. Ya yi murna da ganina. Ban bari ya gama murnar ba, don na san in na bari zan sake gudu. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga tabon, da man takalmi, da kwalbar, da bidiyon, har tsumman fetur. Ban ɗaga kai ba sai da na gama. Da na duba, ba ni yake kallo ba, ƙafarsa ta dama yake kallo, wadda yanzu ko yatsa ba ta motsawa. Ya daɗe a haka. Sannan ya tambaye ni a hankali, lokacin da na kira shi yana wurin masu kifi, na riga na sani? Na ce na sani. Ya lumshe ido, hawaye ya bi gefen fuskarsa ya shiga gemu.

Ya ce, "Ashe lahiyarta lau. Shekara biyu ina zagin ƙahwar da ba ta yi mani komi ba." Ya ja numfashi. "Man da ka shahwa na yahe maka, ba ka sani ba. Shirun da ka yi ne ban san yadda zan yi da shi ba tukuna. Tashi ka tahi wurin Alhaji, ka tahi wurin bawan Allah nan, ka hwaɗa masu da bakinka."

Na je. Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, ya sa hula ya nufi gidan Baba, an ce ya daɗe a can yana ba shi haƙuri. Manomin ya ce Allah ne ya ƙaddara, ya juya fuskarsa wajen bango, na gane sallama ce. Labari ya kai tasha kafin in dawo, motoci da yawa suka daina tsayawa wurina, ban kuma ga laifinsu ba. Yanzu kowa a Kurfi ya san Baba direba bai yi kuskure ba a ranar. Sunansa ya dawo masa a lokacin da ba zai iya tashi ya fita da shi ba.

Na rubuto wannan ne saboda ina ganin matasa da yawa suna sayen injin nan suna buɗe wurare, suna koyo a waya kamar yadda na yi. Sana'a ce mai kyau, ba na hana kowa. Amma ku je wurin wanda ya iya ku zauna, ku fara da ƙofar da aka jefar kafin ku taɓa motar mutane, kada ku goge a rana, kada ku tsaya da inji wuri ɗaya, kuma don girman Allah kada man ƙyalli ya kusanci sitiyari ko matakin birki ko tabarmar direba. Wannan duk mai sauƙi ne, a mako ɗaya za a koya muku. Mai wuyar shi ne wanda babu bidiyon da zai koya maka: in ka ɓata abu, ka faɗa tun yana ƙarami, tun mai shi yana iya juyowa. Kunyar minti ɗaya na gudu, mutum biyu suka biya da ƙafafunsu. Har yau ina zuwa Kurfi duk Juma'a, in ɗaga Baba, in gyara masa shimfiɗa, in zauna. Yana amsa sallamata, yana tambayata gida. Bai sake tayar da maganar shirun nan ba, ni kuma ba ni da fuskar da zan tambaye shi ko ya samo yadda zai yi da shi. Kullum na kama hanya ina roƙon Allah kada ya ɗauki ɗayanmu kafin in ji amsar.